Hoton Yaya a Cikin Kabewa

Allah da ya ba mu aron Yaya ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, damina ta yi tsaka, gero ya fara fitar da kai. Tasa ce, ba mu da ta cewa. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce ta fari ni ce auta, biyar ɗin da ke tsakaninmu duk sun riga mu. Ni kaɗai na rage da zan faɗi ko wace ce ita, shi ya sa na ce a ɗauko takarda a rubuta tun bakina yana da ƙarfi.

Mutane kam sun zo. Dangin mijinta na Bagwai sun zo, na Tsanyawa sun cika mota, abokan kasuwancin ɗanta na fari suka taso daga Dawanau da manyan riguna, har tabarmi suka ƙare aka aro na masallaci. Wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ta zauna ta yi kuka mai isarta, sannan ta share ido ta ce, "Yanzu wa zai shigo gidana ya ce min miyata ba gishiri?" Wata mai jikoki ta ce da hannun Yaya aka yi mata wankan farko ranar da ta zo duniya, kuma da hannunta aka wanke 'yarta ta fari. A nan ta tsaya, don ta san sauran 'ya'yanta ba Yaya ce ta wanke su ba, ta kuma san dalili, ni ma na sani.

A ɗakin Yaya muka zauna karɓar gaisuwa. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta ce min ya haƙuri, in ce da godiya, sai idonta ya hau bango. Sai ta sunkuyar da kai. Sai ta mintsini ta kusa da ita. Kafin la'asar na ga wasu sun daina shigowa ciki, daga bakin ƙofa suke miƙo gaisuwa su koma gindin rumbu su haɗa kai.

Abin da ke bangon hoto ne. Ba irin na waya ba, da hannu aka zana shi da fenti, faɗinsa ya kai faifai biyu a jere. Jikar Yaya ce ta yi shi, 'yar 'yarta, takwararta, wadda ta tashi a Kano take koyar da zane a makaranta. Safiya ce a cikin hoton, irin wadda rana ba ta gama fitowa ba, raɓa tana kwance a kan ganye. Mace ta sunkuya a tsakiyar yaɗon kabewa, furanni rawaya sun kewaye ta, ƙwarya a gefen ƙafarta, fure a hannunta. Ba a ganin fuskar duka, sai gefen kunci da kallabin nan mai ruwan bula da Yaya ba ta rabuwa da shi. A bayanta ga layin gamba, ga wata kuka mai rassa biyu kamar an tsaga ta, da tsohuwar amyar zuma a rataye.

Baƙo zai ce kyakkyawan hoto. Amma a nan gonaki a manne suke, ka miƙa ƙafa ka taka ta wani, kuma bishiya ce ke faɗin gonar wa kake ciki. Duk wanda aka haifa a ƙauyen nan ya san kukar nan. A gonar ƙanin mijin Yaya take, wanda duk gidan ke kira Baffa. Layin gamba kuwa shi ne iyaka, kuma a hoton Yaya ta tsallake shi. Shekara wajen ashirin ke nan da Baffa ya tsaya gaban mai unguwa ya ce matar yayansa tana janye albarkar gonarsa zuwa tata. Yanzu ga ta a bango, da sassafe, a cikin gonarsa, hannunta a kan amfaninsa.

Kashegari takwara ta zo da abokiyar aikinta, wata malama mai gilashi, mai ladabi ƙwarai. Ta yi gaisuwa, ta tsaya gaban hoton ta daɗe, sannan ta juyo ta fara yi mana bayani a hankali, tana zaton za ta sanyaya mana zuciya.

"Kaka, kin ga wannan rawayar? Fatan alheri ke nan. Fure kuma rayuwar ɗan Adam ce, ya buɗe da safe ya rufe kafin azahar. Wannan sunkuyon wahalar macen karkara ce. Amyar da ba kowa a ciki kuma kaɗaicin tsufa ne."

Na ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Amma kabewa a ƙasa take, a tsaye kike so a taɓa ta? Amya kuma zuma ce ta gudu ta bar ta, ba ruwanta da tsufa."

Matan da ke ɗakin suka toshe baki da gyale, ga dariya ga gidan makoki. Malamar ba ta ji haushi ba. Ta gyara gilashi ta ƙara dubawa ta ce, "To ban san gona ba. Amma abu ɗaya na sani. Matar nan ba ta jin tsoro. Dubi kafaɗarta, dubi yadda ta ajiye ƙwarya nesa da ita. Wanda ya ɓuya ba ya tsayawa haka. Hoton ya yi tsit, amma kina jin ana aiki a cikinsa, kuma aikin da mai shi yake so."

Wannan kam ta faɗi daidai, na kuma gaya mata. Sai dai matan ƙauye ba kafaɗa suke kallo ba, kuka suke kallo.

Da la'asar ɗin ranar ɗan Yaya na fari ya kira ni bayan ɗaki. Mutumin kirki ne, yana da rumfar hatsi a Dawanau, ya je Makka ya kai uwarsa. Ya tsuguna ya ce, "Inna, hoton nan zan sa a sauke. Gobe bayan addu'ar uku in an watse, a ƙona shi. Dama wasu malamai ba sa son hoton mutum a ɗaki."

Na ce, "Alhaji, kalandar da ke rumfarka mai kawunan mutane goma fa, ita malamai sun yafe mata?"

Ya ce, "Inna, kin san ba wannan ba ne. Na ji abin da ake faɗa a waje. Cewa ake ashe Baffa gaskiya ya faɗa, ga shaida jikarta ta zana. Shekara ashirin nake haɗiyar maganar nan. Ba zan bari a binne ta jiya a tone ta yau ba."

"In ka ƙona shi, me za su ce?"

"Za su manta."

"Za su ce ɗanta ya ƙona shaida. Ka bar min shi zuwa gobe da safe. In an watse ban gama da shi ba, ni zan kawo maka ashana."

Ya yarda, don bai taɓa musu da ni ba. Na koma ɗaki na zauna ƙarƙashin hoton, na san ko dai gobe sunan Yaya ya fita fes, ko kuma ya tafi da wannan tabon har jikokin jikoki.

Bari in gaya muku wace ce ake magana a kai. Yaya ba ta yi boko ba, ni ma ban yi ba, amma ban taɓa ganin mai ido irin nata ba. Duk labarin da ka kawo mata, tambaya ɗaya za ta yi: "Da idonki?" In ka ce an ce, ta ci gaba da tsinkar zogalenta kamar ba ka yi magana ba. Tun muna yara in akuya ta ƙi cin dusa, kowa ya ce a nemo magani, ita sai ta buɗe bakin akuyar ta zaro ƙaya. Gidan da ta shiga duk, sai ta wuce madafa ta tsoma ɗan yatsa a miya ta yanke hukunci, ko an tambaye ta ko ba a tambaya ba. Amarya ta taɓa yin kuka saboda haka. Kashegari Yaya ta koma da daddawarta da kanwarta ta zauna da ita yini guda, yau yarinyar nan ita ake kira girkin biki.

Ba ta cewa ta gaji. In ta gaji sai ta ce, "Ƙafata tana son tabarma." Lokacin da na haifi ɗana na biyu na kwanta ciwo a ƙauyen mijina, ta tako da ƙafa cikin ruwan sama da kabewa a ka, ta yi kwana arba'in a wurina, tana dafa min miyar taushe tana zagina wai na cika son jiki. Da mijina ya rasu ita ta zo ta tattara ni, ta ce ɗakin da ke kusa da nata ba kowa. Shi ya sa duk abin da zan faɗa, da idona.

Ita da Baffa kuwa da can abokan wasa ne, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin miji. Tana amarya yana ɗan saurayi, sai ya leƙo ya ce, "Matata, ina furata?" Ta ce, "Je ka wanke kaushin ƙafarka tukuna, sannan ka zo neman mata." Har ya yi furfura suna wannan. In ya yanki zuma daga amyar kukarsa, ita yake fara kai wa.

Sai shekarar da feshi ya shigo gonakin wake. Ban ce feshi mugun abu ne ba, wake ya yi kyau kowa ya gani. Amma ƙudan zuma suka yi ƙaura. Amyar Baffa ta zama kango. Wannan damina kabewa ta yi yaɗo, ta yi fure kamar a yi biki, sai gunda ta fito, wato 'yar kabewar, ta kai girman ƙwai, ta yi rawaya, ta faɗi. Ko'ina haka. Wasu suka ce ƙasa ce ta gaji, wasu suka ce iri ne.

Yaya ta ɗauki kujera 'yar tsugunne ta tafi gonarta. Safiya uku tana zaune gaban yaɗo ba ta taɓa komai. Ran na uku ta ga ƙudan zuma guda ɗaya tilo ya fito daga wani fure ƙafafunsa duk gari rawaya, ya shiga wani furen mai gunda a gindinsa. Ta yagi bakin tsumma ta ɗaura wa wannan. Sauran suka zube, mai tsumma ta kama. Ta shigo gida tana haki kamar yarinya ta ce, "Auta, ashe kabewa ma aure take yi. Akwai namiji akwai mace. Zuma ce 'yar rakiyar ango, kuma ta gudu."

Daga nan ta karɓi aikin zuma. Namijin fure doguwar ƙafa gare shi siririya, ba komai a gindinsa. Macen gajera ce, a kan gunda take zaune. Sai ta tsinki namijin, ta fige rawayan ganyen, ya rage ɗan tsinke mai gari a tsakiya, ta shafa shi a cikin macen. Dole da sassafe, don da rana ta yi zafi furen ya rufe, shi ke nan. Mazan da suka rage ta kawo gida a sa a miya. Tana yi tana tasbihinta na safe, bakinta yana motsi.

Wannan shekara kabewar Yaya sai mutum biyu ke ɗaga wata. Ta Baffa, taku ɗaya bayan gamba, ko ta miya ɗaya bai samu ba. Kuma ya sha ganinta a sunkuye tana taɓa fure tana motsa baki. Sai ya kai ƙara.

Na raka ta ƙofar mai unguwa. Maza sun cika. Aka ce ta yi bayani, ta gyara tsayuwa ta ce, "Ita kabewa tana da mace da namiji." Ba ta kai ga kalma ta gaba ba wuri ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Wa ya ɗaura auren, liman ko na'ibi?" Wani ya ce a tambaye ta ko an kai lefe. Yaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara ɗaure zaninta, ta juya. A hanya ta ce min, "Na gama yi wa maza bayanin kabewa har in mutu." Kuma ta gama ɗin.

Mai unguwa bai yanke mata komai ba, don ba abin da aka kama. Baffa ma bai taɓa furta waccan mummunar kalmar ta maita ba, amma ya ajiye mutane a bakin ƙofar kalmar, su suka ƙarasa. Aka daina kiran Yaya wankan jariri. Uwa ta ga ɗanta ya nufi ɗakinta sai ta ƙwala masa kira ta aike shi wani wuri. Wasa tsakaninta da Baffa ya mutu, sai gaisuwar bakin hanya. Ta aika wa matarsa da kabewa uku, aka dawo da su a kan yaron da ya kai.

Gidan Baffa kuwa yara ne fal, kuma matarsa da yankan kabewa take rufa musu asiri, tana kai wa kasuwar Tsanyawa. Wannan rani sun sha lami. Da damina ta zagayo, wata safiya na farka ban ga Yaya ba. Na bi sawunta a raɓa, na same ta bayan gamba, ƙarƙashin kuka. Ta zaɓi lokacin da maza ke zaune a masallaci bayan asuba suna jiran rana ta fito.

Na ce, "Yaya, kin haukace? Mutumin da ya ɓata miki suna?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaran nan jikokin surukata ne. Su suka kai ni ƙara? Riƙe min ƙwarya."

Wannan shekara kabewar Baffa ta yi. Ya dinga yawo yana cewa tun da ya tona asiri aka ji tsoro aka sakar masa gona. Yaya ta ji da kunnenta a bakin rijiya, ta ce, "Allah ya ƙara." Ni kuwa kamar in fashe. Mun yi faɗa a kan wannan, faɗa sosai, kwana biyu ban ci tuwonta ba. Na ce ta bar ni in je in kama shi da hannu in nuna masa. Ta ce, "Kin san shi. Ranar da ya sani zai kafa ƙaya a iyaka don kada a ce mace ta ciyar da shi, yara su koma lami. Muddin ina numfashi ki rufe bakinki. In na tafi, bakin naki ne."

Haka ta yi ta yi, damina bayan damina, har 'ya'yansa suka yi aure, jikoki suka maye gurbinsu. Ni ina cewa ai yanzu sun girma, ita tana cewa, "Ƙananan fa?"

Damina biyu da suka wuce takwara ta zo hutu, ta bi ta gona da takarda da fensir. Yarinyar birni, ba ta san gonar wa take ciki ba. Ta ga kuka mai kyau ta sa ta a baya don hoto ya ƙayatar. Yaya ta ce mata, "Zana abin da kika gani, kada ki ƙara kada ki rage." Da Sallah ta kawo shi an gama. Yaya ta riƙe shi ta daɗe, ta ce, "Takwara, wuyan nan na budurwa kika ara min. Amma hannun nawa ne." Na ga idonta ya sauka a kan kukar, ta yi murmushi, ta sa a buga ƙusa. Da yarinyar ta fita na ce, "Wannan abin zai jawo magana." Ta ce, "Wa ke shigowa ɗakina?"

To ranar uku, ana idar da sallar asuba na ɗauki ƙwaryar Yaya na fita. Na dawo da ita a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, da wani ƙunshi a bakin zanina. Da hantsi maza suka taru a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, aka shafa, aka fara raba waina. Na ce wa takwara ta sauke hoton ta biyo ni. Tsufa yana da rana, ba wanda ke hana mace mai shekaruna fita ƙofar gida. Na yi sallama, na gaida liman, na gaida mai unguwa, ɗan wancan na da. Alhaji ya miƙe zai tare ni, na ce ya zauna, ba a watse ba tukuna.

Baffa yana jingine da bango, ya tsufa, rawani ya yi masa yawa. Na ce, "Malam, kukar wa ce wannan?"

Ya ɗan leƙa ya ce, "Tawa ce."

"To ka ji daga bakina. Yaya ta shiga gonarka. Ba sau ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Alhaji ya dafe kai. Na bar su suka yi mai isarsu, sannan na ce, "Ni ban iya karatu ba, amma wannan allon na iya shi. Manoma ne ku, ku matso ku dubi cikin ƙwaryar da ke hoton. Yarinyar nan ba ta san kabewa ba, abin da ta gani ta zana. Ku nuna min fure ɗaya mai gunda a ciki."

Mutum uku suka matso. Wani ya sa yatsa yana bi ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Babu. Duk masu doguwar ƙafa ne."

"Wanda ya shiga gonar wani don ɓarna, wanne zai tsinka?"

"Mai gunda mana."

"Yanzu dubi hannunta. Furen da ta riƙe, ina ganyensa?"

"An fige shi."

"Ina ta nufa da shi?"

Ya ƙara sunkuyawa. "Cikin wani furen. Wannan yana da gunda."

Na yaye ƙyallen, na ɗauko namiji da mace da na tsinko a gonar Yaya, na fige na shafa a gabansu, na nuna musu garin a ɗan yatsana. Na gaya musu labarin ƙudan zuma guda da bakin tsumma. Na ji wani daga baya ya fara 'yar dariya, liman ya juya ya dube shi, dariyar ta koma tari. Amma na ga fuskokin, rabi sun yarda rabi suna cewa tsohuwa tana kare 'yar uwarta. Sai na juya wurin Baffa.

"Malam, Yaya ta yi kwana goma a kwance kafin ta cika, yau kwana uku. Ya kabewarka?"

Ya kau da kai.

"Gidan makoki ne, ga liman. Ya kabewarka?"

Ya ce a hankali, "Tana zubar da gunda."

"Tun yaushe?"

Ya fara lissafi da yatsu, ya kai wani wuri ya tsaya, hannun ya zauna a sama. Na kwance bakin zanina na zube masa a kan tabarma, gunda ce rawaya, duk ta yamutse. Na ce, "A ƙarƙashin kukarka na tsinto su ɗazu. Ni ma na shiga gonarka. Ga mai unguwa nan, kai ni ƙara."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya ce a matso masa da hoton, idonsa ba ya gani daga nesa. Takwara ta durƙusa ta riƙe masa. Ya daɗe yana kallo, har wainar da ke hannun mutane ta huce. Ya kai hannu kamar zai taɓa kallabin, ya janye. Ya ce, "Duk shekarun nan?"

"Duk."

"Me ya hana ta faɗa?"

"Ta fara faɗa. Kana wurin."

Sai hawaye ya bi gemunsa. Ya ce, "Wa zan roƙa yanzu? An rufe ta."

Na ce, "Ta riga ka. Kowace safiya ta damina take yafe maka, kai kuma kana cinye yafiyar a miya."

Ya nemi sandarsa. Ɗansa ya kama shi ya miƙe, ya fuskanci jama'a yadda kowa zai ji. Ya ce, "Ku shaida. Abin da na faɗa a kan matar yayana ba haka ba ne. Ban duba ba na faɗa. Ni na ɓata ta, ita ta ciyar da gidana. Wanda ya ji waccan daga bakina, ya ɗauki wannan ya kai inda ya kai waccan."

Liman ya ɗaga hannu aka sake yi wa Yaya addu'a, ta biyun ta fi ta farkon tsawo, amin ɗin ma ta fi ƙarfi. Mata duk sun taru a bayan ƙyauren zaure suna ji. Da na shiga suka buɗe min hanya, ba mai iya kallon idona. Ni kuwa na kalli kowa. Waɗanda suka zauna gindin rumbu suka shigo ɗakin ɗaya bayan ɗaya suka sake gaisuwa daga farko, na amsa musu da kyau, na tambayi kowace lafiyar yaran da ta hana zuwa.

Gardama ɗaya ta rage, inda hoton zai zauna. Baffa ya ce a ba shi. Alhaji, wanda jiya yake neman wuta, ya ce uwarsa ce, ba inda za ta. Mai unguwa ya raba, aka buga ƙusa a zauren gidan, inda namiji da mace, na gida da baƙo, kowa sai ya wuce ta gabansa. Alhaji da kansa ya hau turmi ya rataye shi.

Kashegari da sassafe na fita da ƙwarya, don kabewar Yaya ba ta san an yi rasuwa ba. Tun daga nesa na hango mutane a tsaye a layin gamba, mata da maza, kowa ƙafarsa jiƙe da raɓa. A gabansu Baffa ne, ya baro masallaci da wuri, yana riƙe da fure a hannu, kuma macen ya tsinko, da gundarta da komai. Ya yi min sallama ya ce in koya masa. Na bar shi a tsaye, na gyara kallabina, na duba sama ko za a yi ruwa, sai da ya sake sallama sau biyu sannan na amsa. Ni ba Yaya ba ce. Allah ya yafe min wannan, ita kuma ya sa Aljanna ce makomarta.